Audugar da feshi ba ya kashewa: me gonar gwaji take gani, me kuma yake wuce ta?

Duk wanda ya taɓa duƙawa a gonar auduga cikin watan Yuli ya san auduga ba dawa ba ce. Dawa in ta samu ruwa tana miƙewa ta rufe ƙasa da wuri, ita kuwa auduga sai ta yi sati huɗu biyar tana nan ƙasa ƙasa da ɗan ganyenta, a lokacin harkiya da jiji da ƙirikiri sun riga sun kai mata wuya, in ka yi sakaci noman firi ya makara to ka yi asarar da ko taki ba zai dawo maka da ita ba. Na tashi ina ganin yadda ake yi, ka gama firi a wannan gefen kafin ka kai ƙarshen gona gefen da ka fara ya sake yin kore shar, ga 'yan ƙwadago kowa na nemansu a sati ɗaya, kuɗin ya hau, mai gona yana tsaye yana lissafi da yatsu. Shi ya sa in aka ce wa manomi wai akwai audugar da za ka ɗauki famfon feshi ka bi ta kanta gaba ɗaya, ciyawa ta ƙone ita ko a jikinta, ba sai ka yi masa dogon turanci ba, ya riga ya gane amfanin. Ni ma na gane. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne yadda ake gwada irin wannan audugar a fili kafin a sake ta, don a nan ne ake yin daidai kuma a nan ne ake yin kuskure.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, a taƙaice. Maganin da aka fi sani shi ne gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fito da shi a 1974 da sunan Roundup, kuma yanzu yana nan cike da shagunan maganin gona da sunaye kala kala. Shi wannan magani in ya shiga ganye sai ya bi jikin tsiro har saiwa ya toshe wani sinadari guda ɗaya da tsiro ke amfani da shi wajen haɗa wasu tubalan furotin, ba tubalan ba girma, sai ka ga bayan sati ɗaya zuwa biyu ya yi rawaya ya bushe. Ba ya zaɓe, ciyawa da shuka duk ɗaya ne a wajensa. To masana sai suka samo wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa wadda nata sinadarin yana yin wannan aikin amma maganin ba ya iya toshe shi, suka ɗauko ƙwayar halittar da ke samar da shi suka saka a cikin auduga. Shi ke nan, audugar ta samu hanya ta biyu, in an toshe ta gado ta bi ta aro. A Amurka an fara sayar da ita a 1997, kafin ita ma akwai wata ta kamfanin Calgene da ta fito a 1995 mai jure wani maganin daban, amma ba ta yi kasuwa kamar wannan ba.

Yanzu mu shiga gonar gwajin. Ba wai a shuka kadada guda a fesa a tsaya a ga ta mutu ko ba ta mutu ba, a'a. Ana yanka fili ne ƙanana ƙanana, kowane yanki kunya huɗu ko shida, sai a raba musu abin da za a yi musu ta hanyar ƙuri'a, a kuma maimaita kowane iri sau uku ko huɗu a wurare daban daban cikin filin, saboda kowa ya san ko a gona ɗaya akwai inda ya fi taki akwai inda ruwa ke kwanciya, in ba ka warwatsa ba sai ka yaba wa magani alhali tsohon juji ne ya yi aikin. Wani yankin ba a fesa masa komai sai dai a yi ta cire masa ciyawa da hannu, shi ne ma'auni. Wani a bar shi da ciyawarsa don a ga iyakar ɓarnar. Wani a fesa daidai yadda aka rubuta, wani a ninka sau biyu da gangan, don an san a gonar gaske mai feshi zai maimaita layi ko hannunsa ya yi nauyi. Sannan ana canja lokaci, wannan a fesa yana ganye biyu, wancan yana huɗu, wancan sai ya fara ɗaurin fure. Bayan kwana 7, 14, 28 sai a zo da takarda a duba ko ganye ya ƙone ko ya yi rawaya, a auna tsawo, a ƙirga gaɓoɓi. Aikin da ya fi cin rai kuma ya fi amfani shi ne bin tsiro reshe reshe ana rubuta wane gurbi ne ya riƙe ɗa wane ne ya zubar. A ƙarshe a tsince, a auna, a gurza a raba da angurya, a kai zaren ɗakin bincike a ga tsawonsa da ƙarfinsa da laushinsa.

In kuma irin bai samu izinin fita ba tukuna to akwai ƙarin ƙa'ida a kai, ana killace filin, a bar tazara tsakaninsa da duk wata gonar auduga, a zagaye shi da layukan auduga ta gargajiya don su tare ƙudan zuma, saboda garin furen auduga yana da nauyi da danƙo iska ba ta cika ɗaukarsa ba amma ƙwari suna ɗauka. Bayan girbi a ƙone ko a binne komai, a kuma ci gaba da zuwa ana cire gyauro. Wannan ba tsoro ba ne na banza, a Meziko inda auduga ke da 'yan uwa na daji an samu ƙwayoyin halittar da aka saka wa ta gona sun shiga cikin na dajin, an buga binciken a 2011.

To duk wannan tsari mai kyau ne, ina girmama masu yinsa don aiki ne na rana da haƙuri. Amma gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. In ka tambaye shi ko audugar za ta rayu bayan feshi zai ce maka eh, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce tambayoyin da ba a yi ba, ko aka yi su a gurguje.

Shekarar farko ma abin ya nuna kansa. A 1997 a yankin Delta na jihar Misisifi ta Amurka, manoma da dama da suka shuka sabuwar audugar suka ga tsiro lafiya lau, kore, dogo, amma 'ya'yan farko suna zubewa, waɗanda suka tsaya kuma wasu sun lanƙwashe kamar bakin aku. Kamfanin Monsanto mai irin ya ce sanyin da aka yi a farkon kakar ne, manoma suka ce maƙwabtansu masu tsohon iri ai sanyin ɗaya suka sha. Aka kai magana gaban hukumar sasanta rikicin iri ta jihar, a 1998 ta ce irin bai yi yadda aka tallata shi ba, ta ba da shawarar a biya manoma uku kuɗi kusan dala miliyan 2. Daga baya masu bincike a jami'ar jihar North Carolina suka bi diddigi suka gano inda gizo ke saƙar: ganye da kara suna da kariya sosai, amma ɓangaren namiji na furen kariyarsa ba ta kai ba, kuma maganin yana taruwa ne daidai a inda tsiro ke tura abincinsa wato fure. Sai garin furen ya yi rauni, sandunan da ke ɗauke da shi su gajarce ba sa kaiwa inda ya kamata, barbara ba ta cika ba, ɗa ya zube ko ya fito a karkace. Shi ya sa dokar wancan irin na farko ta ce kada a fesa ta kai bayan ganye na huɗu. Ka ga wanda ya je ya duba ganye bayan kwana 14 zai rubuta babu illa, kuma bai yi ƙarya ba, illar tana can gaba cikin furen da bai ma fito ba. Auduga kuma tana da wata ɗabi'a, in ta zubar da 'ya'yan ƙasa takan rama da na sama in kaka ta yi tsawo, to a shekara mai kyau sikeli ba zai nuna komai ba, sai shekarar da yanayi ya ƙi sannan asiri ya tonu. Sai a 2006 aka fito da sabon samfuri da ake kira Flex wanda ya gyara wannan, ana iya fesawa har ta girma.

Wannan na farko kenan, kuma shi mai sauƙi ne don a jikin audugar yake. Na biyu ya fi shi nauyi, kuma gaskiya shi ya fi damuna.

Gwajin fili yawanci kaka biyu ne ko uku, a ɗan ƙaramin wuri. Ita kuwa ciyawa lissafinta na shekara goma ne a kan miliyoyin kadada. Da audugar ta karɓu a kudancin Amurka manoma suka ajiye sauran magunguna, suka rage huɗa da kaftu, ya zama gilaifoset da safe gilaifoset da yamma, auduga bana waken suya baɗi duk maganin ɗaya. Ba wauta suka yi ba, abin yana aiki kuma yana da arha, kowa ma haka zai yi. A 2004 wani manomi a ƙaramar hukumar Macon ta jihar Jojiya ya ga wata ciyawa ta ƙi mutuwa, Stanley Culpepper na jami'ar Jojiya da abokan aikinsa suka gwada suka tabbatar ta daina jin maganin. Ciyawar nan da suke kira Palmer amaranth ba baƙuwa ba ce a idon Bahaushe, dangin alayyahu ce da rukuɓu, in ka gan ta za ka ce ai wannan na miya ne. Amma tana wuce mita 2 a tsawo, karanta ya yi kauri har ya lalata injin tsinka, uwa ɗaya tana zubar da iri dubu ɗaruruwa, kuma namiji daban mace daban, iska ke kai garin furen gona zuwa gona, wato ko kai ka kiyaye in maƙwabcinka bai kiyaye ba ta iso ka. Da aka bincika yadda ta yi, sai aka ga ba wata sabuwar hanya ta ƙirƙiro ba, ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin da maganin ke toshewa ta yi ta kwafa, wasu har sama da kwafi 100, maganin ya toshe goma saura casa'in suna aiki. Cikin 'yan shekaru manoman Jojiya masu manyan taraktoci suka koma ɗaukar mutane haya suna bin layi suna tuge ciyawa da hannu a wajen rabin gonakin audugar jihar, kuɗin magani kuma ya ninka. Babu yankin gwaji mai kunya huɗu da zai nuna maka wannan, don tsiro ɗaya cikin miliyoyi ne ke da wannan baiwar, sai ka fesa wa miliyoyin sannan ka zaƙulo shi ka share masa fili.

Abin da aka yi don magance wannan shi ya haifi na uku. Aka ce to a ƙara wa audugar juriyar wani maganin, aka ɗauko daikamba, tsohon magani ne tun shekarun 1960, kuma kowa ya san halinsa, yana tashi kamar turare. Ka fesa yau, gobe ko jibi in rana ta yi zafi ya tashi daga kan ganye ya bi iska ya sauka a gonar wani, ɗan kaɗan ɗinsa kuma ya isa ya murɗe ganyen waken suya ya koma kamar ludayi. An fara sayar da irin audugar a 2015 tun kafin hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da sabon haɗin maganin da aka ce ba ya tashi sosai, amincewar sai a ƙarshen 2016 ta zo, a tsakanin nan wasu suka yi ta fesa tsohon haɗin a ɓoye. A watan Oktoban 2016 rikicin feshi tsakanin maƙwabta ya kai har aka harbe wani manomi ɗan Akansas har lahira. A 2017, shekarar farko ta sabon haɗin, Kevin Bradley na jami'ar Mizuri ya tattara rahotannin jihohi ya samu kimanin eka miliyan 3.6 na waken suya da maganin ya taɓa. Ban da lambuna da itatuwa. Wani mai gonar 'ya'yan itace a Mizuri ya kai ƙara, a 2020 masu taya alƙali hukunci suka yanke a biya shi dala miliyan 265, daga baya aka rage. Kotu ta soke rajistar maganin a 2020, hukuma ta sake ba da ita, wata kotun a Arizona ta sake sokewa a 2024.

Inda wannan ya shafi maganar gwaji shi ne nan, kuma ina so a riƙe shi da kyau. Kafin a saki sabon haɗin, masu binciken ciyawa na jami'o'i irin su ta Akansas sun samu samfurin don su gwada yadda yake kashe ciyawa, amma kamfanin Monsanto bai ba su damar gwada yadda yake tashi ya bi iska ba. Wato tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce aka cire daga hannun masu zaman kansu. Gwaje-gwajen da aka dogara da su na kamfani ne, a filaye ƙanana, alhali a zahiri dubban manoma ne za su fesa a sati ɗaya cikin zafin Yuni da Yuli, iskar gari gaba ɗaya ta ɗauki maganin. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan raina yana ɓaci, saboda wanda ya sha wahalar ba shi ya sayi irin ba, maƙwabcinsa ne ya saya, kuma da yawa daga baya sun sayi irin mai juriya ba don suna so ba sai don su tsira da gonarsu. Ita kuma waccan 'yar uwar alayyahun tuni an tabbatar ta fara ƙin jin daikamba a Tenesi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa fasahar banza ce. Ba banza ba ce. Ta rage wa manoma wahala, ta ba da damar shuka ba tare da an yi ta juya ƙasa ba wanda hakan na rage zaizaya, kuma ta ture wasu magungunan da suka fi gilaifoset dafi. A kan lafiyar ɗan adam ma masana ba su haɗu a baki ɗaya ba, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa gilaifoset yana jawo cutar kansa, hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka ce a yadda ake amfani da shi ba su ga haka ba. Hujja mafi ƙarfi cewa manoma na son abin tana Indiya. Can an amince da audugar Bt mai kashe tsutsa tun 2002, amma mai jure maganin ciyawa ba a amince ba, an yi gwaje-gwajen fili, sai a 2016 kamfanin mai irin ya janye takardar neman izininsa saboda rigimar farashi da kuɗin lasisi da gwamnati. Amma irin ya riga ya fita, ana sayar da shi a bayan fage cikin leda ba suna ba lamba, a 2019 ma manoman wata ƙungiya a gundumar Akola ta jihar Maharashtira suka taru suka shuka shi a bainar jama'a don su nuna sun gaji da jira. Dalilinsu irin namu ne, kuɗin 'yan ƙwadago. A ɗaya gefen kuma kwamitin masana da kotun ƙolin ƙasar ta kafa ya ce a 2013 irin waɗannan amfanin ba su dace da Indiya ba, cikin dalilansa har da cewa cirar ciyawa ita ce abincin miliyoyin talakawa musamman mata. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Abin takaicin shi ne sakamakon ya zama mafi muni, iri yana gona, ba mai sa ido, in ya ƙi tsirowa ba wanda za ka kama.

Yanzu mu dawo gida, don akwai ruɗani da nake yawan gani in ana musun GMO, wato irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Audugar da aka saki a Najeriya a 2018, iri biyu da kamfanin Mahyco ya samar tare da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru Zariya, ta Bt ce, tsutsar da ke huda ƙwallon auduga take kashewa, ba ta jure maganin ciyawa. In ka fesa mata gilaifoset ta kai za ta mutu kamar kowace auduga, don Allah a faɗa wa mutane wannan. Amma hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Najeriya, wadda aka kafa a 2015, ta taɓa ba da izinin gwajin killace na masara mai jure gilaifoset a 2016, kuma a ƙasashen da ke noman audugar zamani yawanci ana haɗa siffofin biyu ne a iri ɗaya, don haka maganar ba ta yi mana nisa ba. Gara mu san tambayoyinmu tun yanzu.

Kuma tambayoyinmu ba irin na Jojiya ba ne. Je ka gonar ƙaramin manomi a wajen Funtua ko Malumfashi ko Gusau ka duba, da wuya ka ga auduga ita kaɗai tun daga farko har ƙarshe, akwai layin dawa ko masara, an sosa wake a tsakani, kuɓewa da rama a gefe, ga lalo da rukuɓu da tafasa da suka fito da kansu waɗanda matan gida ke tsinka a yi miya ko kwaɗo, ga harawa da ciyawar da za a kai wa tumaki. Duk waɗannan a idon gilaifoset ciyawa ne. Wato irin nan ba iri kawai yake kawowa ba, yana zuwa da tsarin gona gaba ɗaya, auduga zalla. Gwajin da zai auna kilo nawa na auduga aka samu a kadada ya tsaya nan bai auna buhun waken da aka rasa ba, bai auna miyar ba, bai auna abincin dabba ba. Zai iya yiwuwa duk da haka ribar ta fi, musamman ga mai babbar gona, amma sai an saka duka a sikeli sannan a sani.

Sannan gonakinmu a manne suke, iyaka kunya ɗaya ce ko ɗan layin gamba. A tashar bincike mai feshi ya auna bakin famfonsa, ya auna saurin tafiyarsa, ya duba iska, ruwansa mai tsabta. A ƙauye na sha ganin yaro ɗan shekara sha biyar da famfo a baya, ba takalmi ba abin rufe hanci, yana auna magani da murfin kwalba ko gwangwanin madara, ruwan kuma daga kududdufi ya ɗebo jajawur. Wannan ruwan kaɗai ya isa ya canja sakamako, don gilaifoset yana manne wa laka, in ruwa ya yi dauɗa ƙarfinsa ya ragu, ga kuma jabun magani da wanda aka tsarma. Magani mai rauni da ake maimaitawa kuwa shi ne makarantar da ciyawa ke koyon juriya, ba ya kashe ta duka, sai ya bar masu taurin kai su yi iri. Kuma famfon nan ɗaya ne ake aro gida gida, yau a fesa maganin ciyawa gobe a fesa wa wake maganin ƙwari ba a wanke sosai ba. In gwaji bai fita daga tasha ya shiga hannun irin wannan yaron da irin wannan ruwan ba, to wata gonar aka gwada ba tamu ba.

Akwai kuma maganar angurya. Mu nan iri yana yawo, daga wajen gurza ya dawo kasuwa, a gauraya, a ba dabbobi, a matse mai, wani ya ajiye ya shuka. In mai juriya ya gauraya da marar juriya manomi zai fesa rabin gonarsa ta ƙone. Gyauron audugar kuma da ya fito cikin masarar baɗi shi kansa ya zama ciyawar da maganin ba ya kashewa.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun riga sun biya kuɗin irin wannan darasin, duk da tasu ta Bt ce. Sun fara gwaji a 2003, suka saki a 2008, tsutsa ta ragu, feshin ƙwari ya ragu, manoma da yawa suna murna. Amma zaren ya gajarce, audugar da aka san ta da tsawo a kasuwar duniya darajarta ta faɗi, kamfanonin audugar ƙasar suka ce sun yi asarar biliyoyin sefa, a 2016 aka dakatar. Laifin ba na ƙwayar Bt ɗin ba ne, wajen barbarar da aka yi don shigar da ita cikin irin gida ne ba a maimaita yadda ya isa ba, sai halin irin Amurka mai gajeren zare ya biyo. An ga alamar tun a gwaji, aka yi gaba.

Ni abin da zan so in gani in ranar ta zo, gwajin ya kasance a hannun masu bincikenmu na Samaru da jami'o'i da 'yancin su auna duk abin da suka ga dama su kuma buga sakamakon ko ya yi wa mai iri daɗi ko bai yi ba. A yi shi a wurare da yawa daga Katsina da Zamfara har Gombe, a shekarar ruwa da shekarar fari, a saka yankin da aka yi firi da maimai da fartanya a gefe a rubuta kuɗin kowanne har na iri da za a saya duk shekara. A shuka wake da kuɓewa a nesa daban daban da inda aka fesa a ga iya inda maganin ke kaiwa. Kafin a fara a tattara irin ciyayinmu, harkiya, tofa, jiji, rukuɓu, a gwada yadda suke jin maganin a yau a ajiye, don in bayan shekara biyar wani ya ce ciyawarsa ta daina mutuwa a samu abin kwatantawa, tunda dama an daɗe ana fesa gilaifoset kafin shuka a gonakinmu. Kuma sa ido kada ya ƙare ranar da aka yanka kintinkiri aka raba iri, a ware kuɗinsa tun farko, a kuma rubuta a fili wa zai biya in gonar maƙwabci ta ƙone, da Hausa, a jikin buhun.